Ranar da Inna ta kira sunana

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ba ta wuce ta mutum biyu ko uku a ƙauyenmu ba, wani abu ya faru tsakanina da mahaifiyata wanda sai yau na zauna rubuta shi. Ƙauyen namu na Hausawa ne da ke zaune cikin Larabawa, a yankin Jazira, tafiyar kamar awa ɗaya a hafila, wato bas, daga garin Hasahisa. Mahaifinmu ya rasu ya bar hawasha, wato gonar ban ruwa da aka yanka masa, ƙanena ne yake nomanta. Inna tana zaune a gidan ƙanen nawa tare da matarsa, ni kuma ina aure a bayan masallaci, gida biyar tsakaninmu.

Ni ce 'yar fari. Saboda yaran da suka tashi a birni, bari in yi bayani: a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi. Tun tasowata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in zo, sai ta ce "ke". In da ƙannena take magana, ta ce "yayarku". Akwai wata mai tallan nono da muke suna ɗaya da ita, shekara da shekaru Inna tana sayen nononta, ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "mai nono". Ban taɓa ɗaukar hakan rashin so ba. Haka na ga ana yi wa duk 'yan farin unguwarmu.

Sai kuma halina, don in ban faɗa ba labarin ba zai fito daidai ba. Ni mutum ce mai waswasi. Nakan kashe gawayi, in fita, in dawo in duba, in sake fita, in sake dawowa. Karatuna firamare ne kawai, amma duk takardar magani da ta shigo gidanmu sai na karanta ta gaba da baya, har ƙananan rubutun nan, daga nan in hana kowa sakat. Ƙanena yakan ce in kaza ta yi atishawa, Yaya za ta nemi hafilar asibiti. Ba ƙarya ya yi ba sosai.

Inna a lokacin ta haura saba'in, bisa ƙiyasi, amma ƙafarta lafiya lau. Tana da ɗan fili a gefen hawasha inda take shuka kuɓewa da yakuwa. Kullum da safe takan ɗauki kwandonta ta tafi ita kaɗai. Hanyar tana bin gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, kuma dole a tsallaka ta kan wani siririn ƙarfe a wurin ƙofar ruwa. Ruwan tur'a a ido kamar ba ya tafiya, amma gefensa laka ce mai santsi, wanda ya zame ba shi da abin kamawa.

Wata rana da la'asar muna zaune a rakuba, rumfar tsakar gida, ni da Inna da matar ƙanena, muna yanka kuɓewar shanya. Sai na ji an kira sunana. Na waiga ƙofa, na ɗauka baƙuwa ce. Babu kowa. Aka sake kira, a gefena.

"Mi kika tsaya kallo?" in ji Inna. "Miƙo man faifan can."

Na miƙa mata. Ta karɓa ta ci gaba da yanka, fuskarta ba ta nuna komai ba. Matar ƙanena ta ƙyalƙyale da dariya har wuƙa ta faɗi.

"Iye! Inna ta zama 'yar zamani. Saura ki sa mata jan baki, Yaya."

Ni ban yi dariya ba. Shekarata arba'in da wani abu, ranar na fara jin yadda sunana yake a muryar mahaifiyata. Ta faɗe shi daidai, ba gargada, kamar kullum tana faɗa.

A makon ta sake kira sau huɗu. Na san huɗu ne don ina ƙirgawa. Na sami ƙanena yana gyaran garma na ce masa Inna ba lafiya, kuma bai kamata a bar ta tana tsallaka tur'a ita kaɗai ba.

"Me ta yi?"

"Ta kira sunana."

Ya ajiye ƙarfen hannunsa ya dube ni. "Ta kira sunanki. To sunan wa kike so ta kira, na shugaban ƙasa? Yaya, shekara nawa muna zaune da Larabawa, su suna kiran 'ya'yansu gatsal? Ta gaji ne kawai. In muka hana ta gona, gobe gari ya ɗauka mun ce uwarmu ta haukace. Ke za ki tsaya ki amsa?"

Na ce masa jiya ta sa gishiri sau biyu a miya. Ya ce matarsa ma tana yi, kuma ita ba ta kai talatin ba. Ba ni da wata hujja. Na koma gida ina tambayar kaina ko waswasin nawa ne ya sami sabon wurin zama.

Bayan kamar wata ɗaya aka yi shela a masallaci cewa wata daktora daga jami'a za ta zo da ɗalibanta, suna bincike kan tsofaffi: yadda suke rayuwa, da wanda ke kula da su, da kuma ƙwaƙwalwarsu, ko gigin tsufa ya fara taɓa wasu. Za su zauna a shafakana, ɗan asibitin ƙauyenmu, kwana huɗu. Duk mai tsoho a gida ya kawo shi in ya yarda. Ƙanena da kansa ya zo ya same ni.

"To ga alƙali ya zo har gida. In daktora ta ce akwai wani abu, na yarda, Inna ta bar zuwa gona ita kaɗai. In ta ce lafiya, Yaya, ki yi mana shiru har abada."

Na ce na yarda.

Larabcin Inna na kasuwa ne, yana isarta sayen sukari da faɗa da direba, amma ba na amsa tambayoyi ba. Saboda haka ni aka sa in yi tafinta. Ranar muka je da hantsi, tsofaffi sun yi layi a kan benci a inuwar dalbejiya. Gabanmu akwai maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da za ta lissafa maka zuri'ar kowane gida tun daga waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa. Jikarta ce ta shiga da ita. Ba a jima ba ta fito tana gyara lulluɓi tana ta faɗa.

"Yara marasa ta ido! Wai in hwaɗi sunan maigidana da na babban ɗana, ga maza zaune. Nac ce masu na mance."

Tsofaffin benci suka yi dariya, suka ce ta yi daidai. Ni hankalina yana kan Inna, ban tsaya tunanin maganar ba.

Muka shiga. Daktorar mace ce mai matsakaicin shekaru, da farin tob, lulluɓin matan can, da tabarau, ɗalibi ɗaya yana gefenta da takardar tambayoyi. Kafin a fara ta ja min kunne da Larabci.

"Abin da na faɗa kawai za ki faɗa mata, abin da ta faɗa kawai za ki faɗa min. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki taimake ta ko da ido."

Da ta san wadda take gaya wa, da ba ta wahalar da kanta ba. Na sa idona a ƙasa don kada ma a ce na yi ƙifce.

Aka tambayi Inna yau wace rana. Ta ce Talata, don jiya aka ci kasuwa. Daidai. Aka tambaye ta wane lokaci ne na shekara. Ta ce auduga ta fara fashewa, me kuma ake tambaya. Ɗalibin ya yi murmushi ya sa alama. Aka faɗa mata abubuwa uku ta riƙe, aka ɗauke mata hankali da wata magana, aka dawo. Ta kawo biyu, na ukun ta ce ai ba abin kirki ba ne shi ya sa ta yar. Har daktora sai da ta dara. Inna mace ce mai baki, kuma ranar bakin yana aiki.

Sai aka ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta, daga babba zuwa ƙarami.

Ta fara da nawa. Ta nuna ni da yatsa ma, a gaban baƙon namiji, ta ce, "Wagga ita ce ta farko." Ta jero sauran biyar ba kuskure. Na maimaita wa daktora sunayen ɗaya bayan ɗaya, har da nawa, kamar yadda aka umarce ni. Ɗalibin ya sa alama shida.

Da aka gama, daktora ta haɗa alamun ta dafa hannun Inna. "Masha Allahu, hajja. Ƙwaƙwalwarki ta fi tawa." Ta juyo gare ni ta ce mahaifiyata ta wuce layin da suke dubawa, ba abin damuwa.

Ƙanena yana jira a waje. Tun daga fuskata ya gane. "Halas?" ya ce, wato magana ta ƙare. Na ce halas. Ya kama kwandon Inna suka yi gaba yana ba ta labarin yadda ta kayar da likitan jami'a.

Na bi su a baya har wajen injin niƙa, na tsaya. Abu biyu suka riƙe ni. Na yi alkawarin yin shiru, kuma an ce kada in ƙara komai. Amma maganar maƙwabciyarmu ta dawo min. Ita ta ce ta manta, alhali ba abin da ta manta. In haka ne, takardar can ta rubuta mai lafiya a cikin marasa lafiya, ta rubuta Inna a cikin masu lafiya, kuma da bakina aka yi rabin aikin. Na juya zan koma, na fasa, na sake juyawa. Mai injin yana kallona har ya tambaya ko wani abu na yar.

Na koma na zauna a benci har aka sallami tsoho na ƙarshe. Daktora da ɗalibinta sun fito da shayi ke nan na yi sallama.

"Daktora, ki yi haƙuri. Kin ce kada in ƙara komai, kuma ban ƙara ba. Yanzu an gama, ina so in ƙara."

Ta ce in zauna. Na ce mata amsar da aka ba Inna maki a kai, ita ce ciwon. Ta dube ni irin kallon da na saba gani a gida, na an gano mai waswasi. Ta fara ce min da yawa 'ya'ya sukan tsorata in iyaye sun tsufa. Na katse ta, abin da ban taɓa yi wa mai ilimi ba.

"Tsohuwar da ta shiga kafin mu, kun rubuta ta manta sunan mijinta da na babban ɗanta. Ko ba haka ba?"

Ɗalibin ya duba takardu, ya ɗaga kai. Haka ne.

"Ba ta manta ba. Ba za ta faɗa ba ne ko za a yanka ta. Uwa a wurinmu ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tawa uwar shekara arba'in ba ta faɗa ba. Bana ta fara."

Daktora ta ajiye kofin shayinta. Ta ce wa ɗalibin ya ware mata takardun duk tsofaffin matan Hausawa na kwana biyun nan. Suka baza su a tebur. Kusan kowace takarda, layin farko na sunayen 'ya'ya babu komai, sauran a cike. Ɗalibin ya ce shi ma ya yi mamaki, ya ɗauka ko don na farin ya fi daɗewa ne ake manta shi. Daktora ta ce masa wani abu a hankali wanda ban ji ba, ya sunkuyar da kai.

Sai ta ɗauki alƙalami ta fara tambayata, ni. Tun yaushe? A gaban wa? In ta faɗa, tana nuna ta san ta yi wani abu? Akwai wani abin da take kiyayewa da, wanda yanzu ta sake? Ta rubuta amsoshina a gefen takardar Inna, inda babu layi. Ta ce, "Takardarmu tana tambayar abin da mutum ya sani. Ba ta tambayar abin da ya daina yi. Gobe da safe zan zo gidanku."

Ƙanena bai ji daɗi ba. Ya ce na karya alkawari, kuma gaskiyarsa ne. Amma baƙuwa ta riga ta ce za ta zo, ba yadda zai yi.

Ta zo ita kaɗai, ba takarda. Aka shimfiɗa mata a rakuba. Ta ce ta ji labarin jabanar hajja, wato gahawarta, ba za ta bar ƙauyen ba sai ta sha. Inna ta ji daɗi, ta jawo murhu. Ta soya 'ya'yan gahawa har ƙanshi ya cika gida, ta zuba a turmi da citta ta daka. Sai ta tsaya da taɓarya a hannu. Ta dubi turmin, ta dubi tukunyar ruwa, ta dubi murhu. Ta ɗebo wasu ɗanyun 'ya'yan gahawa ta fara soyawa daga farko. Da waɗannan suka soyu, ta jera kofuna ta tsiyaya mana ruwan zafi zalla, ta ce bisimilla.

Daktora ta ɗauki kofinta ta kurɓa, ta yi godiya. Ƙanena ya tashi ya fita bayan ɗaki.

Daga baya daktora ta ja matar ƙanena gefe, ina wurin. Ta tambaye ta ko ta ga wani abu. Yarinyar ta yi ta murza bakin zane, sai can ta ce ta taɓa samun takalmin Inna a cikin randa. Ta ce sau da yawa Inna tana sallar azahar ta sallame ta sake tayarwa. Ta ce akwai ranar da ta dawo daga gona ba kwando, zanenta jiƙe har gwiwa, ta kasa faɗin inda ta jiƙe.

"Kuma kika yi shiru?" na ce.

"Yaya, ni suruka ce. In na faɗa a ce na yi wa uwar mijina sharri."

Daktora ta tara mu ta yi mana bayani ba kwana-kwana. Ta ce ga alama farkon gigin tsufa ne. Ta ba mu takarda mu kai Inna asibiti a birnin Madani a duba jininta, ko akwai wani dalili da ake iya gyarawa, amma kada mu sa rai da maganin da zai mayar da ita yadda take. Abin zai ƙaru a hankali. Ta ce kada a sake barinta kusa da ruwa ita kaɗai.

Ƙanena, wanda jiya yake min dariya, ya ce daga yau zai sa kwaɗo a ƙofar gida, Inna ba gona ba kasuwa. Sai ga ni, ni da nake tsoron komai, ina gardama da shi cewa a bar ta ta je. Daktora ta goyi bayana. Ta ce in aka raba tsohuwa da kuɓewarta aka zaunar da ita tana kallon bango, abin zai fi saurin cin ta. Muka tsaya a kan cewa za ta riƙa zuwa, amma da ni.

Inna ba ta so ba. Kwanakin farko takan juyo a hanya ta ce, "Ke ba ki da miji ne? Koma gidanki." Nakan ce kuɓewa nake so. A wurin ƙarfen tsallakawa ina riƙe gefen zanenta ta baya yadda ba za ta ji ba. Gwajin Madani bai nuna wani abin gyarawa ba. Masu binciken kuwa sun sake kiran tsofaffin matan kafin su tafi, suka canza tambayar zuwa 'ya'ya nawa gare ki, wane yana ina, me yake yi. Maƙwabciyarmu ta ba su amsa har da ta jikoki, sai da suka roƙe ta ta tsaya.

Kusan shekara uku muna wannan tafiya. A shekara ta biyu, wata safiya muka iso bakin tur'a, ta tsaya ta dubi ruwan ta ce, "Wannan kogin yaushe aka kawo shi?" Ta sa ƙafa za ta gangara ta gefen laka, ba ta wurin ƙarfe ba. Na riƙo ta. Na gaya wa ƙanena da muka dawo, washegari ya tayar mata da kunya huɗu na kuɓewa a bayan ɗaki. Muka ci gaba da fita, amma iyakarmu wannan gefen ruwa.

Mutane sukan ce min ashe waswasina ya yi rana. Ni ban gan shi haka ba. Cikin abu ɗari da na ji tsoro a rayuwata, wannan ne kawai ya tabbata, kuma da an ba ni zaɓi da na so a ce shi ma dariya aka yi min. Abin da na riƙe dai shi ne, in tsohonka ya fara yin abin da bai taɓa yi ba, ko da abin ya yi kama da ci gaba, ko da ya yi maka daɗi, ka faɗa wa mai dubawa. Shi ya san ciwo, amma bai san gidanku ba. Kuma zan faɗi gaskiya, ya yi min daɗi. A hanyar gona takan kira ni sau goma, wani lokaci ba don komai ba, ni kuma ina amsawa kowane kira.

A shekararta ta ƙarshe ta daina. Ta koma ce min "ke", wani lokaci "baiwar Allah". Sunan ne ya tafi, tare da na sauran ƙannena. Tsofaffin unguwa da ke zuwa gaishe ta suka lura, suka riƙa cewa alhamdu lillahi, hajja ta samu sauƙi, kunyarta ta dawo. Ni da ba na iya barin kuskure ko na takardar magani ya wuce, ban gyara musu ba ko sau ɗaya.